Tukunyar jirgin gawayi da masu gyaranta

Shekara goma sha bakwai ke nan ina riƙe da wata 'yar maƙera a arewacin Ingila, mu shida ne har da ni. Aikinmu gyaran tukunyar kan jirgin ƙasa mai gawayi, wadda ake tafasa ruwa a cikinta ya zama tururin da ke tafiyar da jirgin: mu yanke inda tsatsa ta ci, mu ɗinke da sabon ƙarfe, mu sauya bututu, mu ɗaura ƙusoshin da ke riƙe akwatin wuta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe a Zariya tun ana kawo kwal daga Inugu, kuma a jikin kayan aikinsa na fara sanin warin hayaƙi da giris. Ashe da wannan warin zan ci abinci a ƙasar Turawa.

A watan Agustan 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami jiragen gawayi. Waɗanda suka tsira, 'yan sa kai ne suka tsamo su, 213 daga ciki ma daga wurin 'yan gwangwan na Barry a yankin Wales aka fanso su. Yau suna jan masu yawon buɗe ido a gajerun layuka irin na Severn Valley mai mil 16, da na North Yorkshire Moors da ya tashi daga Pickering. Irin waɗannan layuka ne ke ba mu aiki, kuma aikin sai ja baya yake yi.

Kowa ka tambaya dalili zai ce maka kwal ne, kuma da gaskiyarsu. A ƙarshen Nuwamban 2023 aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran da ke kusa da garin Merthyr Tydfil a Wales, wadda ke fitar da kwal mai zafi, mai ƙarancin hayaƙi. Na Rasha an hana shigowa da shi tun 2022 saboda yaƙin Yukiren. Yanzu sai an ɗauko daga Kazakistan ko Kolombiya, da tsada, kuma kowane kashi da halinsa. Mai zuba gawayi ya fi kowa sani, amma a hannuna ake ganin sakamakon: wani kwal ɗin yana narkewa ya daskare kan ƙarafan murhu ya toshe iska, wani ya cika bututu da toka. Ga kuma bazarar da ta yi fari, kamar ta 2022 da ta 2025, inda tartsatsi ɗaya kan kunna ciyawar gefen layi, dole aka ajiye jirgin gawayi aka ɗaura na dizal.

Ni dai a ganina tukunya ce ke kwantar da jiragen nan, fiye da kwal. Takardar izinin tukunya ba ta wuce shekara goma. Kowace shekara insifeta na inshora zai leƙa ta, in wa'adin ya cika kuwa sai an ɗago ta daga kan ƙafafun jirgin, an zare bututu duka, an auna kaurin kowane bango. Akwatin wuta a yawancin jiragen Ingila na jan ƙarfe ne, ɗaure da ɗaruruwan ƙusoshi, kowace sai an ƙwanƙwasa ta da guduma an saurari amonta. Wadda ta karye a ciki, muryarta a dushe take. Bayan gyara mu cika tukunya da ruwan sanyi mu matsa shi fiye da ƙarfin da za ta yi aiki da shi, mu bi ta da fitila muna neman ɗigo. Sai ta ci wannan jarrabawa a hura mata wuta.

Ba ka sanin kuɗin gyara sai ka buɗe. Shahararren jirgin gawayin nan Flying Scotsman, da aka ƙera a Doncaster a 1923, ya ci wajen fam miliyan 4.2 kafin ya dawo layi a 2016. Shi suna ya ɗauke shi. Ƙaramin jirgin da ba wanda ya san lambarsa, in takardarsa ta ƙare, sai a tura shi bayan rumfa a lulluɓe da tamfol, a ce sai an tara kuɗi. Tsakani da Allah ban ga laifin masu layin ba, don na dizal da maɓalli ake tayar da shi, na gawayi kuwa tun asuba ake hura shi, wani lokaci tun daren jiya.

Abin da ke hana ni barci hannu ne. Dattijon da ya koya mini ɗaura ƙusa da zafinta ya haura tamanin, ya daina zuwa. Cikin yaran da na koyar, uku sun koma kamfanonin da ke biyan abin da ba zan iya biya ba, kuma da addu'a na sallame su. Saura ɗaya, yarinya 'yar shekara goma sha tara, kunnenta ya fara rabe ƙusa mai lafiya da karyayya.

Akwai tukunya ɗaya a farfajiyarmu da ta yi shekara biyu tana jira. Masu ita ƙungiyar 'yan fansho ce, suna tara kuɗin da sayar da shayi da tsofaffin mujallu. Makon jiya ma'ajinsu ya bugo waya ya ce abin da ke hannu zai isa rabin ƙusoshi. Na ce ya turo, ranar Litinin ni da yarinyar za mu fara da bangon hagu.