Notin gatarina da na samo a Panteka

Ɗan ƙaramin gatarin da kawuna ya bar min ƙirar Amurka ne, irin wanda suke kira tomahok, samfurin da ya samo asali daga 'yan asalin ƙasar. Noti biyu ke riƙe ruwansa da ƙota. Ɗaya ya faɗi a gona bana, ruwan ya dinga girgiɗi, raina ya ɓaci ƙwarai.

Na tafi Panteka da ragowar notin a aljihu. Rumfa huɗu ana miƙo min M6, wato noti mai kaurin milimita shida, ya shiga zagaye biyu ya cije. Wani dattijo ne ya ɗora su biyun a tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, naka na inci ne, ka dubi haƙoran." Kaurinsa kwatan inci ne, wato milimita 6.35, haƙora 20 a kowane inci. Na M6 sun fi matsuwa. Da na matsa da ƙarfi, da na cinye ramin.

Wani yaro ya ce a yi walda kawai. Ban yarda ba, ina so in iya canza ƙota wata rana.

Baba ya zazzage gwangwanin madara cike da tsoffin notina, muka tsuguna muna tona har la'asar. Uku muka samu, na saye duka.