Lamba 141: abin da ke kashe sabata ba sallama

'Yan'uwa masu koyon C, ga inda na kwana da 'yar sabar hirar nan da nake rubutawa a kan Linux. Kusan mako biyu tana wahalar da ni. Tana cikin aiki sai kawai ta mutu, ba saƙon kuskure, ba komai. Da farko na ɗora wa zafin Sakkwato laifi, don tsohuwar kwamfutata ba ta jure ranar Afrilu, fankarta har kuka take yi. Daga baya na koma zargin netwok ɗin unguwarmu ta Mabera. Ashe duk ba su da hannu.

Ranar Asabar bayan la'asar, da ta sake faɗuwa, na buga echo $? don in ga lambar da ta fita da ita, sai ga 141. In sigina ce ta kashe shiri, lambar kan zama 128 a haɗa da lambar siginar. Cire 128, saura 13, wato SIGPIPE, siginar da ake aiko wa wanda ya yi rubutu a haɗin da ya riga ya yanke. Na kunna ta ƙarƙashin strace, mai nuna duk kiran da shiri ke yi wa Linux, na haɗu da ita ta nc (netcat, ɗan shirin buɗe haɗi) daga wata taga, na yanke da Ctrl+C, sannan na tura saƙo biyu. Na farko ya wuce lafiya lau, abin da ya daɗe yana ruɗa ni ke nan. Bayanin ya fita, ɗaya ɓangaren ya mayar da RST, saƙon yanke haɗi, don ya riga ya rufe soket ɗinsa. A send() na biyu ne Linux ya aiko da siginar, kuma in ba ka ce komai a kanta ba, hukuncinta kisa ne nan take. Duk layukan da na rubuta na duba -1, alamar kuskuren da send() ke mayarwa, ko kai wa gare su ba a yi.

Gyaran kalma ɗaya ne: MSG_NOSIGNAL a cikin send(). Yanzu send() tana mayar da -1 da EPIPE, lambar kuskuren da ke nufin haɗin ya yanke, in rufe soket ɗin wanda ya tafi, sauran su ci gaba da hirarsu. Masu macOS, ku duba SO_NOSIGPIPE.

Sai dai garin tonon nan na ga wata ɓarnar tawa. Duk -1 ɗin da na gani, rufe haɗin nake yi, alhali EINTR cewa take sigina ce ta katse kiran, a sake gwadawa, EAGAIN kuma a dakata tukuna. Allah kaɗai ya san mutum nawa na kora ba laifin tsaye ba na zaune. Kuma ina kiran close() kafin perror(), alhali close() na iya sauya errno, inda ake ajiye lambar kuskuren da perror() ke bugawa. Yanzu ina adana shi a wani int tun kafin in taɓa komai.

Wanda ya rage mini shi ne wayar da data ta ƙare mata tsakiyar hira. Ita ba ta aiko da RST, shiru kawai za ka ji. SO_KEEPALIVE na Linux sai an yi daƙiƙa 7200 shiru, awa biyu cur, kafin ya fara tambaya ko ɗaya ɓangaren na nan, don haka mako mai zuwa in sha Allahu zan rage shi da TCP_KEEPIDLE in gani.