Inda masu jirgi ke cin abinci

Jiya da dare gardama ta kaure a fadarmu, ana zagaye na biyu na shayi wani ƙanenmu ya miƙo waya wai mu kalli bidiyo, turawa ne cikin ɗan jirgin ruwa irin mai tafiya da iska suna bin gaɓar teku gari-gari, duk inda suka ɗaure jirgi sai su sauka neman wurin ci da sha. Yace wannan kam rayuwar wasu ce ba tamu ba. Nace kai yaro bari, ni ɗin nan da kake gani na taɓa irinta, tawa dai ta talaka ce. Wallahi har mai dafa shayin sai da ya aje buta don dariya, wani yace mutumin da ke kwana jiran famfo, ya tsaya yana ciniki da ɗan garuwa a kan bido biyu kamar zai sayi ragon layya, shine zai bamu labarin teku? To ban ga laifinsu ba, mu a Damagaram in ance ruwa mai yawa iyakar tunaninmu tafkin Gidimuni. Amma tunda sun hana ni ƙarasa magana jiya, ga ta nan.

Shekarun baya, tun kafin a rufe iyakar Nijar da Benin, baffana ya aike ni Kwatano ɗauko mota. Wanda ya taɓa hanyar ya santa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ka karya kudu zuwa Gaya, ka haye gada ka faɗa Malanbil, daga nan Kandi, Paraku, har ƙafa ta kumbura cikin bas. Tashar jiragen ruwan Kwatano tun 1965 take aiki, kuma a lokacin mafi yawan kayanmu na Nijar ta nan suke shigowa, shi yasa Zangon garin cike yake da mutanenmu, kana tafiya sai kaji Hausa da Zabarmanci kamar kana Yamai. Takardun mota suka maƙale, yau ace gobe, gobe ace jibi. Mai masaukina wani dattijo ne mai sana'ar albasa, ya gaji da ganina zaune ina kaɗa ƙafa, yace ɗana tashi ka bi jirgin da ke kai min kaya ƙauyukan ruwa, ko ba komai ka ƙirga min buhu.

Bayan Kwatano akwai wani ƙaton tafki, Nokuwe, kuma akwai mashigar da Faransawa suka haƙa a 1885 ta haɗa shi da teku, kasuwar Dantokpa a bakin wannan mashigar take zaune. A nan muka yi lodi. Jirgin katako ne dogo mai inji a baya, mai jirgin tsoho ne baƙi siriri, Hausarsa ta kasuwa ce, Faransancinsa ma haka, Malam yake ce min ni kuma ina ce masa Baba. Ina zaune kan buhun albasa na riƙe gefen jirgi da hannu biyu, duk addu'ar da na iya tun makarantar allo sai da na karanta ta.

Tsayawarmu ta farko Kalabi ne, inda baƙi ke shiga jirgi zuwa Ganbiye. Yunwa ta ci ni ta cinye, ina sauka na hango wani wuri dab da ruwa, fenti sabo, allo babba an zana kifi a jiki, kujerun roba jere. Ban yi shawara da kowa ba na nufe shi. Sai da na zauna idona ya saba da duhun ciki sannan na ga kwalabe a kan kowane tebur, kiɗa kamar zai tsaga rufi, ashe mashaya ce, abinci kawai rakiya yake yi. Kunya ta hana ni tashi nan take. Nace a bani kifi, aka kawo wani da ko makaho ya shafa ya san tun jiya aka soya shi, sanyi ƙalau, man ya daskare a jikinsa, aka ce jika uku. Jika uku fa! Na biya na fito ina waige-waige kar wani ɗan garinmu ya ganni ya kai labari Birni kafin in koma.

Baba yana tsaye bakin jirgi yana kallona, bai ce komai ba sai da ya gama ɗaure igiya, sannan yace Malam ka ci? Nace na ci. Yace a'a, kai aka ci. Ya kama hannuna muka bi wani lungu tsakanin rumfunan masu gyaran inji, ƙasa duk danshi da ɓawon kifi, muka wuce layi ɗaya, biyu, sai ga wata rumfar kwano babu allo babu suna, benci biyu, wata mata mai jiki zaune gaban kasko, ƴarta na fere kifi a gefe kuma wasu kifayen har lokacin suna motsi cikin daro. Kai za ka nuna wanda kake so da yatsa. Ta tsaga shi, ta shafa gishiri da wani niƙaƙƙen abu mai tafarnuwa da citta, ta saka a mai yana ƙara, minti nawa ne an sauke. Aka haɗo da akasa, wato kamun masara ne da aka dafa ya yi kauri aka ƙunshe a ganye, yana da ɗan tsami-tsami, sai ɗanyen yaji kore da albasa da tumatir a gefe. Na kai loma ɗaya hawaye suka zubo, rabi yaji rabi takaicin jika ukuna. Duka da ruwan leda dala ɗari da ashirin. Mutanen da ke bencin kuwa duk wandonsu a naɗe zuwa gwiwa, ƙafa jiƙe, wani ya jingine filafilinsa a bango, wani ya aje tankin mai ƙarƙashin benci. Da ɗan gari akan ci gari, amma a bakin ruwa ɗan garin shine mai jirgi.

Tun daga ranar na daina kallon allo. Kusan sati biyu ina bin jirgin nan da wasu, kuma ko'ina abu ɗaya ne, wurin da ya fara tare maka ido kana sauka na baƙi ne, don mai shi ya san ba za ka dawo ba. Na masu jirgi yana baya kaɗan, kuma matar ba ta isa ta basu kifin jiya ba tunda su suka kawo mata shi da asuba, gobe ma su za su kawo. Ina duba ƙafafun masu ci, in busassu ne cikin takalmi sau ciki sai in wuce. Ina shinshina man, in ya yi baƙi yana warin ƙuna ba ni ba shi. Sannan in duba ko akwai buta a gefe, don inda ka ga buta da tabarma a naɗe to akwai namu kusa, za ka samu inda za ka yi salla kuma za ka iya tambaya a gaya maka gaskiya.

Tambayar nan ba wasa bace, musamman ɓangaren Porto-Novo. Can naman alade ba abun ɓoyo bane, sana'a ce kamar yadda muke tsire da kilishi, ƙasarsu ce kuma al'adarsu, kai ne baƙo. Kifi dai lafiya lau, amma ka tambaya ko kasko ɗaya ne da na nama, in kaga ana jujjuya magana ka sayi burodi da ƙwai ka haƙura. Sai kuma sodabi, giyarsu ta bammi da aka tace, fara tas kamar ruwa, sau da yawa ma cikin gorar ruwa ake zuba ta. Wata rana saura kaɗan in ɗauki wata gora in wanke hannu, warin ne ya cece ni. Ta wannan hanyar ruwan ta Porto-Novo ake bi har Badagiri da Legas, a lokacin jirage maƙare da jarkokin mai suke tahowa, abun da muke kira ruwa-ruwa su kpayo suke ce masa, sai naji kamar ina gida.

Ganbiye kuwa gani ya kori ji. Gari guda a kan ruwa, gidaje bisa turaku, kasuwa cikin kwale-kwale, yaro ɗan shekara shida yana tuƙi shi kaɗai kamar yadda namu ke kora jaki. Kakanninsu ƴan ƙabilar Tofinu ne da suka gudo cikin tafkin don tsira daga masu kamen bayi na Dahome. Suna kafa rassan itace cikin ruwa su yi kamar shinge, akaja suke kiransa, kifi ya taru ciki ya yi ƙiba, gonarsu kenan. Can ba ka zuwa wurin abinci, shi ke zuwa wurinka, mace za ta matso da jirginta da tukunya a kan murhu a tsakiya, ta riƙe gefen naku da hannu ɗaya ta zuba da ɗayan.

A can na haɗu da wani tsohon bature ɗan Ingila da ya zo yawon buɗe ido, muka yi ta fama da guntun Faransanci ni da shi. Da ya ga yadda Baba ke jagorata sai ya yi dariya yace shima yana da ɗan jirgi a ƙasarsu, kuma in suna bin gaɓa, kafin su zaɓi inda za su jefa ƙarfen tsayawa sai sun tambayi wace mashaya ce kusa. Pab suke ce mata, kuma ba giya kaɗai ake sha ba, nan ake cin kifi da soyayyen dankali, nan ake jin labarin iska da yanayin gobe, wato fadarsu ce. Yace shima ƙa'idarsa kenan, ya bi masunta ya bar wadda ke gaban tasha. Amma babban abun da suke tsoro shine cikar teku da janyewarsa. Sau biyu a yini ruwa ke cika ya janye, wata ne ke jansa, tsakanin cika da janyewa awa shida da ƴan mintoci, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da wajen minti 50. A wasu gaɓoɓin Ingila bambancin ya wuce mita 10, mutum ya bar ƙaramin jirginsa a kan ruwa ya shiga cin abinci, ya fito ya tarar da shi zaune cikin laka, teku ya yi nisa. Na gyaɗa kai kawai, a raina nace wannan matsalar turawa ce.

Bayan kwana huɗu ta same ni. Mun je Gran Popo, can yamma kusa da iyakar Togo, muka shiga wani jirgi a kogin Mono zuwa wajen da yake haɗuwa da teku. Muka tsaya wani ƙauye sauke kaya, matuƙin, wani saurayi ne ba Baba ba, yace min yayana minti talatin kawai, ruwa na sauka. Ina shiga ƙauyen naji ƙamshin da ban ji ba tun da na baro gida, shayi na gawayi. Na bi hanci na tarar da wani bawan Allah da ɗan tebur, madara, burodi, ƴar buta shuɗiya a kan mangal. Nayi sallama ya ɗago, yace daga ina? Nace Damagaram. Ya miƙe tsaye yace wace unguwa? Ashe mutumin wajen Matamai ne, shekara da shekaru bai je gida ba. To ku gaya min wa zai tashi? Ya tambayi damina, ya tambayi kuɗin tiyar hatsi, ya tambayi ko har yanzu Kasuwar Dole na cika ranar Alhamis, ya ɗora na farko mai ɗaci, nace zan tafi yace haba ɗan'uwa ka taɓa ganin an sha na farko an bar na biyu? Muka sha na biyu. Na uku ma ya hau wuta.

Ina dawowa bakin ruwa na tarar da jirgi ya kwanta a gefe ɗaya kan yashi, ruwan ya koma can tsakiya, fasinja sun zazzauna ƙarƙashin itatuwan kwakwa kowa ya zuba min ido. Janyewar can ba ta kai ta Ingila ba ko kusa, amma jirgi mai kaya ɗan kaɗan ya ishe shi. Matuƙin bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi, hannu kawai ya nuna min sama wai sai ruwa ya dawo. Wata tsohuwa mai kwandon jatan lande ta yi ta faɗa da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na fahimci duka. Sai bayan magariba muka motsa, sauro ya yi walima da ni, kuma ni na sayi burodi na raba wa kowa don wanke laifi. Daga ranar in zan zauna cin wani abu sai inda ina hango jirgi daga kan benci, in ba a hango shi to a ƙunsa min in tafi da shi.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe gadar Gaya, mutanenmu da yawa da basu taɓa taka jirgi ba sai da suka koyi tsallaka kogi a kwale-kwale tsakanin Gaya da Malanbil, kuma nan da nan masu abinci suka cika bakin ruwan ta kowane ɓangare. Wani abokina direba da zai bi ta can ya kira ni yana tambaya ko da abun da zan gaya masa, nace ka duba inda masu tuƙin ke ci, kuma kar ka karɓi shayi na biyu.

Motar baffa dai ta iso Damagaram lafiya bayan kwana goma sha tara, ya tambaye ni me ya cinye kuɗin guzuri nace takardu ne. Ƙanen namu mai bidiyo kuma ya aiko min saƙo da safen nan wai in zan koma Kwatano in tafi da shi, nace ya fara zuwa Gidimuni ya shiga kwale-kwale sau ɗaya in bai yi amai ba sai mu yi magana.