Wurin ninkaya a bayan gidanmu

Alhamdu lillahi, jiya muka cika wurin ninkayar da muka haƙa a bayan gida. Tsawonsa mita 8 ne, faɗinsa mita 4, zurfinsa mita ɗaya da rabi, wato ya sha ruwa lita 48,000 daga rijiyar burtsatse. Ba zan manta da ranar da injiniya ya dage sai an ɗaure rodi ninki biyu kafin a zuba kankare ba, domin ƙasarmu laka ce mai kumbura da damina, kuma na tabbata ya yi gaskiya. Na kewaye wurin da shinge mai kwaɗo saboda jikokina. Abin da ke damuna yanzu shi ne ƙurar hunturu, wadda za ta riƙa toshe matatar ruwan.