Mita Goma Tsakaninmu da Ƙasa

Aikin gyaran turken sadarwa ne ya kai ni kan wani tsauni da mota ba ta hawa, shi ya sa aka ɗauko mana jirgi mai saukar ungulu, ƙirar Robinson R44 mai kujeru huɗu. Ni ne da abokin aikina da akwatunan batir guda biyu. Tun kafin mu shiga matuƙin ya sa kowa ya hau sikeli, ni kuwa na ɗauka tsirfa ce kawai.

Da farfela ta kama gudu, ya ɗaga mu kamar mita ɗaya, ya tsaya cak yana duban wani agogo a gabansa. Sai ya mayar da mu ƙasa.

"Injiniya, akwati ɗaya zai jira sawu na biyu."

Na ce, "Haba Kyaftin, ai ga shi mun tashi lafiya lau."

Ya ce, "Ƙasa ce ta tallafe mu. Can sama babu tabbas za mu same ta."

Sai da muka miƙa hanya ya warware mini ta na'urar kunne. Iskar da farfela ke turawa ƙasa, idan jirgi na kusa da daɓe, ba ta samun hanyar wucewa, sai ta rage gudu ta bazu gefe. Guguwar da ke naɗewa a bakin fikafikan ma takan ragu. Saboda haka inji ke ɗaukar nauyin da ƙarfin da bai kai wanda zai buƙata can sama ba. Na tambaye shi daga wane tsayi abin ke farawa. Ya ce ma'aunin da ake koya musu shi ne faɗin farfelar kanta, tasa kuma mita 10 ce. Amma daga farfela ake aunawa zuwa ƙasa, ita kuwa tana sama da ƙafafun jirgin da fiye da mita 3, don haka ƙafafu na kusan mita 7 ke nan. Ko a nan ɗin ma tallafin bai taka kara ya karya ba, sai tazarar farfela da ƙasa ta koma rabin faɗinta yake fara jiyuwa sosai.

Abin da ya fi burge ni, agogon tsayi bai ma kalle shi ba. Wannan da nauyin iska yake aiki, ba zai faɗa maka tazarar mita uku ko biyar ba. Manyan jirage na da radar mai auna tazarar ƙasa, namu babu. Idonsa na kan ciyawa, hannunsa na hagu na kan sandar da ke ƙara wa fikafikai cizo, lokaci-lokaci yana satar kallon allurar ƙarfin inji.

Da muka iso na gane dalilin akwatin. Filin saukar ɗan fage ne a bakin gangare, rabi dutse rabi doguwar ciyawa. Ciyawa da ruwa da ƙasa mai gargada suna shanye iskar, gangare kuma na zubar da ita gefe guda. Ga zafi ga tudu, iska ta yi sirara. Littafin jirgin na da jadawali biyu, na tsayawa a iska da tallafin ƙasa da na tsayawa babu shi, da na biyun ya yi lissafinmu tun muna ƙasa.

Muka gangaro a hankali, allura na matsowa kusa da iyakarta, cikina ya ɗuri ruwa. Can ciyawa ta kwanta, ƙura ta watsu a zobe, na ji saukar ta yi laushi kamar an tare mu da tafin hannu. Na ga hannunsa ya ɗan sassauta sandar zuwa ƙasa.

"Ka ji ta?" in ji shi.

Muka sauke kaya a duƙe, ya juya ɗauko ɗaya akwatin.