Zubin Ranar Asabar

Shekara biyu cur na yi ina gaya wa mutane cewa ina wani aiki a kan ƙofofin Kano. Niyyata in bi ganuwa ƙofa-ƙofa, in ɗauki hotuna, in zauna da dattawan unguwa in naɗi muryarsu, daga ƙarshe in haɗa ɗan littafi. Ba wanda ya sa ni, ba wanda zai biya ni, ba kuma wanda zai tambaye ni ina aka kwana.

A shekara biyun nan ƙofa uku kacal na taka: Nassarawa, Ƙofar Mata da Ɗan'agundi, su ma don suna kan hanyata ne. Amma in ka ji ina bayani sai ka rantse ko barci ba na samu. Na je Farm Centre na sayo makirfo. Na yi ta zarya Gidan Makama, gidan adana kayan tarihin Kano. Na haddace cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, kuma an faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa. Shiri yana da daɗi, domin ba a jin kunya a cikinsa. Fita kuwa kullum da uzurinta: bazara zafi, damina caɓi, hunturu hazo yana ɓata hoto, azumi kuma a bari sai bayan salla.

Akwai wani tsoho kusa da Ƙofar Na'isa da aka haɗa ni da shi. Mun gaisa a kan dakalinsa, ya fara ba ni labarin tsohuwar ƙofar ta ƙasa, wadda aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, da abin da ya ji daga bakin mahaifinsa. Ranar ban zo da makirfo ba. Wayata na aljihu, ita ma za ta iya ɗauka, amma na ce ai sautin ba zai fita tas ba. Ya ce, "Yaro, ka dawo da hantsi, lokacin kaina ya fi sakewa." Na ce, "In sha Allahu, Baba, sati mai zuwa." Sai bayan wata biyar na koma. Tabarmi na tarar a ƙofar gidan, ana zaman makoki. Allah ya jiƙansa. Na yi gaisuwa, makirfo yana cikin jaka, na tashi jikina a sanyaye.

Yayata na fara gaya wa. Ita uwar adashi ce a unguwarsu, matan layinsu duk a hannunta suke zubi. Ko tausaya mini ba ta yi ba. Ta ce, "Kai asusu kake yi. Ran da ka ga dama ka jefa, ran da ka matsu ka fasa, wa ya sani? Ka taɓa ganin wadda ta tsallake zubi a wajena ta iya bi ta ƙofar gidan nan?"

A nan muka yanke: duk Asabar bayan la'asar zan kawo mata zubi. Ba labari ba, abin da za ta gani ko ta ji: hira ɗaya da na naɗa, ko shafi biyu da na rubuta. In na zo hannu rabbana, kifin miyar ranar a wuyana. Sau biyu na saya. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, kallon da take yi mini tana karɓar ledar.

Tsarin ajiya kuwa wahala ce ta koya mini. Na taɓa mance waya a cikin a-daidaita-sahu, hirarraki biyu suka tafi da ita. Yanzu da na shigo gida, kafin in ci abinci, sai na sa wa kowace murya sunan ƙofa da kwanan wata, na tura ta Google Drive. Ina da littafi mai bango mai kauri, kowace ƙofa da shafinta biyu: hagu wanda na gani da abin da ya faɗa, dama abin da ya rage. Kafin in rufe shi da dare nakan rubuta abu ɗaya da zan fara da shi gobe, ƙarami, kamar "kwafe minti goma na hirar Kabuga". In na idar da sallar asuba ba na tsayawa shawara da zuciyata, an riga an yanke tun jiya. Wayar kuma tana ɗaki a kife har yara su tashi.

Yanzu ina da ƙofa tara. Hotunan Gadon Ƙaya ba su yi kyau ba, rana ta yi tsaka lokacin da na je, kuma hayaniyar motoci ta cinye rabin hirar Mazugal. Na bar su haka, na sa alama a shafin dama. Saura Waika, Kansakali, Dawanau da 'yan uwansu na can ɓangaren, waɗanda nisa ya sa nake ta kewaye su. Jiya Yaya ta aiko ƙaramin ɗanta ya ce in tuna gobe Asabar, kuma kifi ya yi tsada.