Lakcar Farko Ba Ranar Raba Takarda Ba Ce

Malamai da yawa a kwaleji da jami'a sukan ɗauki lakcar farko ta zangon karatu tamkar ranar hutu: a raba takardar tsarin kwas, a karanta ta daga sama har ƙasa, bayan minti 15 a sallami kowa. Ɗalibai kuwa sun riga sun ɗauki darasi, wato a ajin nan zama ake yi a yi shiru. Bayan mako huɗu malam ya jefa tambaya ya ji tsit, sai ya kama ƙorafi wai ɗaliban ba sa magana. Ai shi ya koya musu.

Duk abin da kake so aji ya riƙa yi a mako na goma, sa su yi shi tun ranar farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka isa ɗakin minti 10 kafin lokaci. Gwada majigi da alƙalamin rubutu a allo, sannan ka rubuta layi ɗaya a allo, ka koma kujerar ƙarshe ka ga ko yana karantuwa. Sau da yawa ba ya yi.

In lakcar ta awa ɗaya ce, kada ka buɗe da dokoki. Buɗe da matsala daga cikin kwas ɗin, wadda mai hankali zai iya taɓawa ko bai karanta komai ba. Ba su minti biyu kowa ya rubuta amsarsa, minti uku ya tattauna da na kusa da shi, sannan ka ji daga bakin mutum huɗu ko biyar. Rubutun nan shi ne sirrin: wanda ya rubuta yana da abin faɗa, ko da mai kunya ne. In ka yi tambaya kuma, ka jira. Binciken Mary Budd Rowe, wata masaniyar harkar koyarwa 'yar Amurka, a shekarun 1970 ya nuna malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal, alhali in sun kai daƙiƙa uku zuwa sama amsoshi kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Shirun zai yi maka nauyi, ka daure.

Takardar tsarin kwas minti 10 sun ishe ta. Abu uku suke son ji: yadda za a raba maki, ranakun gwaji, da hukuncin aikin da aka kawo a makare. Faɗi su da lambobi, kuma kada ka kafa dokar da ba za ka iya tsayawa a kanta ba, domin ranar da ka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, ta rushe.

Minti biyar na ƙarshe, ba su tambayoyi biyar kan ilimin da kwas ɗin ya dogara a kai, ba suna, ba maki. In rabin aji ya faɗi tambaya ɗaya, daga nan lakca ta biyu za ta fara. Ka ajiye ragowar takardu saboda masu makarar rajista.